Magani na Biyu don Maƙoshin Goggo Hanne

Tun da na koma bakin aiki, ba ranar da za ta wuce ba a tare ni a ofishin malamai da tambaya ba: yaya Nijar, yaya jikin Goggo, wai da gaske ne na faɗo daga kan babur? Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi tsakanin darasi da darasi, ga shi duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya.

Ga wanda bai san ta ba, Goggo Hanne ƙanwar mahaifina ce. Ita ta raine ni a Ɗanzomo bayan rasuwar mahaifiyata, ina 'yar shekara huɗu. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "Uwata". Bayan na yi aure na dawo Gumel mijinta na fari ya rasu, daga baya ta auri Baffa Sale, wani dillalin dabbobi mutumin Nijar da ke cin kasuwar Maigatari, ta bi shi wani ƙauye gaba da Dungas kaɗan. Shekara goma sha bakwai ke nan. Kullum ita ce mai zuwa, da salla ko biki. Ni ban taɓa taka ƙafata can ba, abin kunya ne amma gaskiya ce.

Wata Talata da hantsi Baffa Sale ya kira ni. Mutum ne mai doguwar gaisuwa, amma ran nan ko yara bai tambaya ba. Ya ce Goggo ta kusa sati uku ba ta iya haɗiyar abinci, an ba ta magani ya fara aiki, sai kuma ya juye mata. Ya ce ta hana shi gaya mini, yanzu ma a bayan gari yake tsaye. Na nemi izini wurin maigida da shugaban makaranta, ranar Alhamis da sassafe na kama hanya.

Na zaɓi Alhamis ne don ranar kasuwar Maigatari ce, mota ba ta wuya. Ban yi tunanin da wa zan raba motar ba. Mu huɗu a baya, ga rago a but yana tura ƙahonsa ta bayan kujera daidai ƙeyata. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, wadda ke tsallakawa kowane mako. Da ta ji inda za ni da abin da zai kai ni, sai ta ɗauke ni kamar ɗalibarta. Ta ce in na ji an ce kabu-kabu, acaɓa ake nufi. In an ce likita, sau da yawa asibitin kansa ake nufi, ba mutumin ba. Kuma in jandarma ya tsare ni, kada in kuskura in yi masa Turanci don in nuna ni malama ce, in yi masa Hausa kawai.

A Maigatari ta ja hannuna ta cikin garken shanu da raƙuma har wurin masu canji, sannan ta raka ni bakin iyaka. Na ɗauka zan ga wani babban abu, sai na ga sanda a gicciye da rumfa da mutane suna ta wucewa da buhuna. Jandarman da ya karɓi katina ya juya shi, ya tambayi aikina. Duk gargaɗin Hajiya ya tashi daga kaina, na ji bakina ya ce "Tica." Ya ɗaga kai ya dube ni. Hajiya ta yi maza ta ce madam ce ta lakwal, wato malamar makaranta, jinya za ta. Yana jin jinya ya miƙo mini katin, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya kuma kira mini wani mai kabu-kabu da ya san ƙauyen.

To, maganar faɗuwa gaskiya ce, amma ba yadda ake yaɗawa ba. Bayan mun bar babbar hanya sai yashi, babur ya riƙa rawa, can ya kwanta a hankali kamar jaki ya gaji. Ban ji ciwo ko ɗaya ba. Ledar lemon zaƙin da na sayo wa Goggo ce ta fashe, ni da direban, dattijo mai furfura, muka bi lemo muna tsinta yana ta ba ni haƙuri. Daga baya na gane ko lemon ya isa lafiya ba shi da amfani, don abu mai tsami shi ne ya fi ƙona mata maƙoshi.

Na tarar da ita kwance a rumfar tsakar gida. Goggo mace ce mai jiki, wadda in ta yi dariya ana ji daga zaure. Wadda na gani zaninta ya zagaye ta har ya yi saura. Ta buɗe ido, sai na ga farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Ta dube ni, ta dubi Baffa, ta ce da wata siririyar murya, "Ashe ka kai ƙarata." Sannan ta kama hannuna ta ce, "Uwata, kin ci abinci?"

Na sa ta buɗe baki. Harshenta da dasashinta duk wani farin abu ne kamar kindirmo ya kwanta. Ta nuna mini tsakiyar ƙirjinta ta ce a nan abin yake, ko ruwa ta kurɓa sai ta ji kamar ƙaya ce ke sauka. Kwana da kwanaki abin da ke shiga cikinta bai wuce ruwan kunu cokali biyar ko shida ba.

Mutanen ƙauyen nan ban taɓa ganin masu karɓar baƙo irinsu ba. Kafin la'asar kwano shida ya shigo daga maƙwabta: dambu da zogale, fura, da wani busasshen cuku da na ɗauka fatar ganga ce sai da aka nuna mini yadda ake jiƙa shi a shayi. Shayinsu ma ba irin namu na madara da burodi ba ne. Ɗan kofi ne kamar murfin kwalba, ana zuba shi sau uku, na farko ɗaci kamar maɗaci. Na sha ɗaya na yi godiya na kife kofin, matan suka yi ta dariya, wai ba a gudu tun a na fari. A ɗakin wata maƙwabciya, Iya Mariyama, aka yi mini shimfiɗa, amma na ɗauko tabarmata na dawo kusa da Goggo.

Iya Mariyama ce ta gaya mini abin da ya fi taɓa ni. Ta ce tun da Goggo ta daina ci, Baffa ya daina cin abinci a gidan. In an kawo masa sai ya ce ya ƙoshi a kasuwa, alhali ba kasuwar da ya je. Na dube shi da kyau sai na ga shi ma rigarsa ta yi masa yawa.

Washegari Baffa ya kai ni ɗan asibitinsu, wurin ma'aikacin jinyar da suke kira majo. Mutum ne mai natsuwa, ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce abin da ke damun Goggo wata irin fumfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Kowa na da ita a jiki ba ta cutarwa, amma in garkuwar jiki ta yi rauni, kamar ga mai ciwon suga irin na Goggo, sai ta yaɗu daga baki ta gangara hanyar abinci. Ya ba ta fulukonazol, wanda shi ne maganin da ake fara bayarwa ko'ina, kuma mafi yawan mutane da shi suke warkewa. Kwana biyar ta fara haɗiya. Sai amai ya zo, ido ya canja, ya gane hantarta ba ta karɓi maganin ba, ya tsayar da shi nan take. Yana tsayarwa fumfunar ta dawo.

Na tambaye shi ko ba wani abin da zai ba ta. Ya ce yana da ruwan magani na kurkure baki, yana ba ta ma, amma wannan iyakarsa baki, ba ya warkar da na ciki. Abin da ya rage sai an auna jini tukuna, kuma sai babban asibiti: ko Damagaram, ko mu koma Najeriya inda take da dangi. Ya rubuta komai a takarda da Faransanci ya ba ni, ya roƙe ni kada in bari a ɗura mata sassaƙen ciwon shawara da maƙwabta ke kawowa, don hantar hutu take bukata.

Goggo ta ce ba inda za ta. Ta ce ba za ta mutu a kan hanya kamar buhun gero ba, kuma in ta tafi wa zai kula da Malam, wato Baffa, mutumin da bai san inda gishiri yake a gidansa ba. Na yi lallashi, na yi fushi, har na yi kuka, ta juya mini baya. Baffa yana bakin ƙofa yana jan carbi. Can ya tashi ya fita. Bayan azahar sai ga shi da amalanken shanu, an shimfiɗa katifa a ciki, ga 'yar jakarsa da butar shayinsa a gefe.

Ya ce, "Hanne, ni dai na tafi Gumel. In kina son kula da ni, sai ki taso."

Ta harare shi da idon nan nata mai ruwan ɗorawa, ta ce a ɗauko mata mayafinta mai kyau, ba za ta shiga garinsu da tsumma ba.

Amalanke ya kai mu bakin hanya, mota ta kai mu iyaka. Ba wanda ya tsayar da mu a kowane ɓangare, suna leƙowa suka ga Goggo suka ɗaga sanda. Kafin magariba an ba ta gado a asibiti a Gumel, an sa mata ƙarin ruwa.

Duk hanya ina ta tunanin wa zai karanta mana takardar majo. Har na fara cigiyar mai jin Faransanci a bakin asibitin. Likitar da ta karɓe mu, wata matashiya mai gilashi, ta karɓi takardar ta duba ta yi murmushi, ta ce sunan magani ba ya bukatar tafinta, kuma wanda ya rubuta wannan ya san aikinsa, da bai tsayar da maganin da wuri ba da labarin ya bambanta. Aka ɗebi jini aka auna hanta da ƙoda da suga, da sauran cututtukan da ke karya garkuwar jiki. Waɗannan ba a sami ko ɗaya ba. Suga ne ya yi sama ƙwarai, don Goggo ta daɗe da ajiye ƙwayoyinta, wai tana jin ta garau.

Da sakamako ya fito likitar ta kira ni da Baffa. Ta ce hanya uku ce a gabanmu. Akwai wasu magungunan sha, irin su itirakonazol, da ake komawa gare su in na farko ya ƙi aiki, amma gidansu ɗaya da wanda ya taɓa hantar Goggo, ba za ta yi kasadar ba ta su yanzu ba. Akwai wani tsohon magani mai ƙarfi da ake sa wa a jijiya, amfoterisin, yana kashe fumfunar sosai, sai dai yana wahalar da ƙoda, ita kuwa Goggo suga ya riga ya fara taɓa nata. Na uku shi ne kasfofanjin, shi ma a ƙarin ruwa ake sa shi, sau ɗaya a rana, sati biyu zuwa uku. Ya fi sauƙi ga ƙoda, kuma za ta rage yawansa saboda hantar, tana aunawa a kai a kai. Matsalarsa biyu: yana da tsada, kuma babu shi a Gumel, sai Kano, ga shi dole a riƙe shi cikin sanyi har ya iso.

Baffa ya saurara har ta gama, sannan ya tambaye ta in mahaifiyarta ce a kwance wanne za ta zaɓa. Ta ce na uku. Ya ce to shi ke nan.

Yayana da ke Kano ya yi kwana biyu yana yawon shagunan magani kafin ya samu. Ya sa shi a 'yar kula da ƙanƙara, ya damƙa wa wani direban motar haya da muka sani. Kwana biyun nan su ne mafi tsawo a tafiyar. Goggo ta daina ko faɗa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ranar da maganin zai iso, wajen sha biyun rana, direban ya kira ya ce mota ta mutu a Gagarawa, makanike ya ce sai yamma, kuma ƙanƙarar ta fara zama ruwa. Ban tsaya neman kowa ba, na tare acaɓa. Ni da na rantse a yashin Dungas ba ni ba babur, sai ga ni ina ce wa mai shi ya ƙara wuta. Na sami direban a gindin bishiya ya lulluɓe kular da rigarsa yana mata fifita. Muka shiga gari neman ƙanƙara, ba wuta tun jiya, duk firjin da aka buɗe sai ruwa. Daga ƙarshe aka nuna mana gidan wata mata mai zoɓo da ke da firji mai aiki da hasken rana. Da ta ji na mara lafiya ne, ta kwashe ƙanƙarar da za ta yi sana'ar ranar da ita ta cika mana kular, ta naɗe kwalaben da tsumma kamar yadda likita ta ce a yi don kada su daskare. Na buɗe jaka ta riƙe mini hannu, ta ce in dai gaishe da mai jikin. Ko sunanta ban tambaya ba, abin yana damuna har yau.

Da la'asar aka sa wa Goggo na farko.

Daga nan sai Baffa ya zama baƙo, ni na zama 'yar gari. Maigidana ya gyara masa ɗakin zaure, ya ƙi, wai ba ya kwana gidan suruki. Ya shimfiɗa buzunsa a barandar masallacin asibiti tare da sauran masu jinya, ya kafa butar shayinsa a gindin dalbejiya. Kafin kwana uku ya tara jama'a, masu gadi da direbobi duk sun koyi jiran kofi na uku. Ya yi ta mamakin yadda muke zuba yaji a komai da yadda 'yan adaidaita ke tuƙi. Ma'aikatan jinya suna ce masa ƙarin ruwa yana ce musu sirom, suna ce masa allura yana cewa fikir, har suka koma tsokanarsa da kalmominsa.

Kwana uku ba mu ga wani canji ba, sai dai idon ya fara washewa. Ran na huɗu farin bakin ya ragu. Ran na shida da safe ina ba ta ruwan kunu, na ƙirga cokali goma ba ta yamutsa fuska ba. Sai ta karɓe kofin daga hannuna ta kafa kai. Da ta sauke ta tsaya tana sauraren ƙirjinta, sannan ta ce wa ya dama wannan kunun, ba a tace gasarar da kyau ba. Ni na dama. Ban taɓa jin daɗin a kushe mini girki ba sai ran nan.

Ta ce a kira mata Malam. Da ya shigo ta sa na zuba masa tuwon da aka kawo mini daga gida, ta ce ya zauna nan gabanta ya cinye tana kallo, ta san duk ƙaryar da yake yi ta kasuwa. Ya zauna a ƙasa ya wanke hannu. Ya kai loma ta biyu sai hawaye, ya ce yajin Najeriya ne.

Goggo ta so a sallame ta tun a sati na farko, likita ta ƙi. Ta ce wannan ciwon in aka yanke magani don an ji sauƙi dawowa yake, kuma ko an gama yana iya dawowa in ba a riƙe suga ba. Aka cika mata kwana goma sha takwas. A cikinsu aka koma yi mata allurar suga, aka koya wa Baffa yadda ake yi da yadda ake auna jini a yatsa. Mutumin da ke kayar da bijimi, sai da ya yi kwana uku kafin ya iya soka mata 'yar allura. Likitar ta kuma rubuta sunan maganin farko da manyan baƙaƙe a kati, ta ce duk asibitin da Goggo ta je ta nuna, kada a sake ba ta shi ko danginsa sai likita ya sani. Ta rubuta wa majo amsar takardarsa, ta ce mu gaya masa ta gode.

Bayan sallama Goggo ta yi sati a gidana. Ni kuwa na riga na gama shirina. Na kwashe kayan ɗakin da ke kusa da nawa, na sa sabon labule, na shawo kan maigida, na tanadi hujjojina: ga asibiti kusa, ga likitar da ta san ta, ga jikoki. Na bari sai da ta ci ta ƙoshi wata safiya, na jera mata su ɗaya bayan ɗaya. Ta saurare ni tana murmushi, ta yarda za ta riƙa zuwa awo duk wata, ranar kasuwa. Amma zama, a'a.

Na ce, "Goggo, ke kika raine ni. Ki bar ni in rama ko kaɗan ne."

Ta ce, "Kin rama, Uwata. Ke na raine ki har kin iya zama ba ni. Wancan tsohon kuwa ban gama da shi ba."

Na raka su Maigatari ranar Alhamis. Ta ƙi a riƙe ta, ta taka da ƙafarta har bakin sandar, Baffa na biye da ita da jaka a kafaɗa da kular allura a hannu. Na tsaya ina jira ta waiwayo in ɗaga mata hannu. Ba ta waiwayo ba, hankalinta na kan Baffa, ina jiyo muryarta sama da kukan shanu tana ce masa ya mayar da kular ɓangaren inuwa.